Mutuwar Ɗan Ci-rani Ta Wuce Tsautsayi

Duk sa'ad da labari ya iso unguwa cewa wane ya rasu a hanyar Libiya, ko an tsinci gawar wance a gidan da take aikatau a ƙasar waje, kalma ɗaya muke da ita: tsautsayi. A yi zaman makoki na kwana uku, a ce kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙan rai, a naɗe tabarmi a watse. Kwana kam ya ƙare, babu mai musun wannan. Amma tsautsayi, a sanin Bahaushe, abu ne da ke faɗowa ba zato ba tsammani. Abin da ke aukuwa a wuri ɗaya, ta hanya ɗaya, a kan mutane iri ɗaya, shekara goma a jere, ai ya tashi daga tsautsayi ya koma tsari. Ra'ayina ke nan, kuma abin da ya sa na kawo shi mujallarmu shi ne, a cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda zuciyarsu ta riga ta tsallake iyaka, jarrabawar ƙarshe kawai suke jira gangar jiki ta bi. Kowa ya san hirar da ake yi a hostal da daddare in an ɗauke wuta: wane ya shiga Aljeriya ya turo kuɗin fili, wance tana Jidda ta kai mahaifiyarta Umara, mu kuma ga mu nan za mu fita da HND mu je ana tambayarmu ina digiri.

Bari in fara da mutanen Kance, don su namu ne, Hausawa ne na jihar Damagaram, tsallaken Daura kaɗan. A watan Oktoban 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit cike da mutane, sun nufi Tamanrasset a kudancin Aljeriya. Motocin suka lalace a tsakiyar hamada, ruwa ya ƙare. Da masu ceto suka kai wurin, gawa 92 suka ƙirga: yara 52, mata 33, maza 7. Ku sake duba lissafin nan da kyau. Yara sun fi rabi. An same su a warwatse, ƙungiya-ƙungiya, wasu a gindin 'yan itatuwa, uwa da 'ya'yanta wuri guda, wasu kuma saura 'yan kilomitoci su taka ƙasar Aljeriya. Mafi yawansu ba Turai suka nufa ba, ba su ma san hanyarta ba. Damina ce ta yi gardama, rumbu ya zama wayam, suka ji labarin ana samun sadaka a titunan Aljeriya. Gwamnatin Nijar ta ayyana makokin kwana uku, aka binne su can inda aka same su.

A cikin wannan watan dai, ranar 3 ga Oktoba, wani jirgin ruwa ya nutse dab da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutum sama da 360 suka halaka, galibinsu 'yan Eritiriya. Duniya ta girgiza. Aka jera akwatunan gawa a gaban kyamara, manyan Turai suka je suka gani da idonsu, Italiya ta ƙaddamar da aikin ceto a teku, sannan a 2014 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta fara ajiye lissafin waɗanda ke mutuwa ko ɓacewa a hanyoyin ƙaura. Daga wannan lissafi muka san cewa a 2023 mutum sama da 8,500 ne suka mutu a hanyoyin ƙaura a faɗin duniya, a 2024 kuma adadin ya kusa 9,000. Waɗanda aka iya ƙirgawa ke nan fa. Teku takan turo gawa bakin gaɓa, akwai jiragen sintiri, akwai 'yan jarida. Hamada kuwa rufewa take yi. Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a watan Yulin 2024 ya ƙiyasta cewa masu mutuwa a Sahara sun ninka na teku sau biyu.

To ta yaya hamadar ke kisa? A nan ne tsarin ya fi fitowa fili. Daga Agadas ake loda mota Hilux da mutum ashirin da wani abu, kowa ya zuro ƙafafu waje, ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada gyangyaɗi ya kwashe shi ya faɗo. A bi ta Dirku, a wuce Madama, a faɗa Libiya, a doshi Sabha. Shekarun baya, motocin kan tashi ne ranar Litinin cikin ayari, sojoji na rakiya, ana bin hanyar da aka sani, mai rijiyoyi. In mota ta lalace, wata za ta zo ta same ta. A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, kuma daga 2016 aka fara aiki da ita gadan-gadan, da goyon baya da kuɗin Tarayyar Turai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci. Tafiya ba ta tsaya ba, hanya ce ta sauya. Direbobi suka koma bin sabbin hanyoyi nesa da rijiya, nesa da shingen jami'ai, mota ɗaya tilo cikin dare. In direba ya hango sintiri, sai ya sauke fasinja ya ce su jira zai dawo. Sau da yawa dawowar ke nan da ba a yi ba. A watan Yunin 2017 mutum 44, 'yan Gana da 'yan Najeriya, har da jarirai, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta mutu. Mutum shida ne suka taka da ƙafa har suka kai labari. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tchiani ta soke dokar.

Ku lura, rairayi da rana suna nan yadda suke tun zamanin fatake da ayarin raƙuman gishirin Bilma. Abin da ya sauya shi ne takardar da aka sa wa hannu a ofis, sai ga shi ta koma gawa a bayan tudun yashi. Haka abin yake a Asamaka. Jami'an Aljeriya kan kwaso baƙi daga garuruwa da wuraren gini, su zuba su a manyan motoci, su sauke da yawansu a wani fili da ake kira Point Zéro, su nuna musu kudu su ce ga Nijar can. Kilomita 15 ne a ƙafa zuwa Asamaka, ba inuwa ba alama, wasu da ciki, wasu da goyo, an riga an karɓe musu waya da kuɗi. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta nan a 2024 kaɗai. Wanda ya faɗi a wannan tsakani, me za a rubuta ya kashe shi? Ƙishirwa?

Wanda ya tsallake hamada kuma, Libiya na jiransa. 'Yan'uwanmu da suka dawo su suka kawo mana kalmar "gidan bashi", inda ake tsare mutum a miƙa masa waya ya kira gida ana dukansa, don iyaye su ji ihun su sayar da gona. Gidajen tsare baƙi na hukuma ma ba su tsira ba. A daren 2 ga Yulin 2019 aka jefa bam ta sama a kan wurin tsare baƙi na Tajura, kusa da Tarabulus, mutum aƙalla 53 suka mutu a kulle, ba hanyar gudu, domin an ajiye su ne a gefen wani sansanin mayaƙa. A Melilla, kan iyakar Maroko da Sifaniya, ranar 24 ga Yunin 2022, aƙalla mutum 23 suka mutu a gindin shinge bisa lissafin hukumomin Maroko, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun fi haka, yawancinsu 'yan Sudan. Sai 'yan matan nan 26 'yan Najeriya da wani jirgin sojan Sifaniya ya kawo gawarwakinsu garin Salerno na Italiya a watan Nuwamban 2017. Ranar da aka binne su, biyu kacal aka san sunayensu. Sauran 24 ɗin 'ya'yan wasu ne, kuma mai yiwuwa har yau akwai uwar da ke zabura duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira ta.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ai wannan labarin baƙin haure ne. Ni da biza zan tafi, ta jirgin sama, ejan ya gama min komai." Madalla. Tafiya da takarda ta fi tafiya ba takarda nesa ba kusa ba, ba na jayayya. Sai dai tsarin da nake magana a kai ba ya ƙarewa a filin jirgi.

A watan Disamban 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a kan mace-macen baƙi, mafi yawa a ƙasashe masu arziki. Sakamakon ya ba mutane da dama mamaki: a dunƙule, baƙi ba su kai 'yan ƙasa yawan mutuwa ba. In ka yi tunani ba abin mamaki ba ne, ai mai lafiya da ƙarfi shi ke iya barin gida. Amma akwai wurare biyu da abin ya juye. Na farko cututtuka masu yaɗuwa irin su tarin fuka. Na biyu mutuwar da ta zo daga waje: kisa ta hanyar farmaki, da mutuwar da aka kasa tantance ko haɗari ce, ko kisa, ko mutum ne ya kashe kansa. Wato baƙo ya fi ɗan gari lafiya, amma ya fi shi faɗawa hannun mugu, ya kuma fi shi mutuwar da ba a gano kanta ba. Kuma waɗannan baƙi ne da ke cikin rajista, waɗanda hukuma ta san da zamansu.

Wannan "ba a tantance ba" ɗin shi ya fi tsaya min a rai. A watan Fabrairun 2021 jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa sama da ma'aikata 6,500 daga Indiya, Pakistan, Nepal, Bangladesh da Sri Lanka sun mutu a Katar cikin shekara goma, tun daga lokacin da aka ba ƙasar damar karɓar gasar cin kofin duniya. Gwamnatin Katar ta ce adadin bai wuce abin da ake tsammani ba in aka duba yawan baƙin da ke ƙasar, kuma gaskiya ne ba dukansu ne suka mutu a wurin gini ba. Amma abin dubawa shi ne abin da aka rubuta a takardun shaidar mutuwar: mafi yawa an ce mutuwa ce ta Allah da Annabi, zuciya ce ta tsaya ko numfashi ya ɗauke, kuma sau da yawa ba tare da an binciki gawa ba. Jama'a, wace mutuwa ce zuciya ba ta tsayawa? Saurayi ɗan shekara 28, wanda likita ya auna ya ce lafiyarsa ƙalau kafin a ba shi biza, ya wuni yana ɗaukar rodi a rana mai narka kwalta, ya kwanta bai tashi ba, sai a ce zuciya. Wani bincike a kan leburori 'yan Nepal a can ya nuna mace-macen zuciya na hauhawa ne a watannin zafi. Kuma kalmar da aka rubuta tana da farashi: in an ce aiki ne ya kashe shi, akwai diyya, in an ce haka kawai ya mutu, iyalinsa akwati kaɗai za su karɓa. Da surutu ya yi yawa, a 2021 Katar ta faɗaɗa dokar hana aiki a fili, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Da zafin ba ya kisa, ai ba za a yi dokar ba.

'Yan'uwana mata, wannan ɓangaren ya fi shafarku, domin ku ejan-ejan suka fi bi da zancen aikatau a ƙasashen Larabawa. A tsarin kafala, zamanki a ƙasa yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke ki. Saudiyya ta sassauta tsarin a watan Maris na 2021, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokarsu, amma ana yi. Mai aikin gini ko ba komai yana da abokan aiki da za su ce mun ga lokacin da ya faɗo. Mai aikin gida kuwa, in wani abu ya same ta a bayan ƙofa, shaidun da ke wurin su ne mutanen gidan. In ta gudu, ta zama mai laifi, ba ta iya zuwa asibiti ko wurin 'yan sanda ba tare da tsoron kamu ba. Akwai masu dacewa da mutanen kirki, da yawa ma, na san da haka. Amma dace ne, kuma ejan ba ya sayar da dace.

Sai kisan kan titi, wanda shi ne ya fi yawo a waya. A watan Mayun 2008 an kashe mutum 62 a tarzomar ƙin baƙi a Afirka ta Kudu, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan 'yan ƙasar ne, wasu don an ga sun yi kama da baƙi ko harshensu ya bambanta. Abin ya dawo a 2015, ya sake dawowa a 2019 har aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya a jirgi. A watan Yulin 2022, a garin Civitanova Marche na Italiya, wani mutum ya kashe ɗan Najeriya mai talla da tsakar rana, ya fara da dukansa da sandar da yake dogarawa, mutane na tsaye wasu na ɗaukar bidiyo. Wannan ma don an ɗauka ne aka sani, aka kuma hukunta wanda ya yi.

In ka jera waɗannan duka, zare ɗaya ne ya ɗinke su. Baƙo na yin aikin da ɗan gari ya ƙi, a lokacin da ɗan gari ke barci, a wurin da ba mai gani. Yana tsoron hukumar da ya kamata ta kare shi. Ba shi da dangin da za su cika ofishin 'yan sanda su ce sai an bincika. Wanda ya yi niyyar cutar da shi, ko direba ne, ko mai gida, ko ɗan kwangila, ko ɗan daba, ya riga ya yi lissafi ya ga ba mai tambaya. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mun ɗauki maganar a matsayin hikima, amma in ka juya ta, ai bayanin yadda ake raina ran baƙo ne: gari na wayewa ya bushe, ba a ga sawunsa ba.

Kada kuma mu ɗauka halin wasu ne can. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Najeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka yi dafifi a kan iyaka da tashar jirgin ruwa, wasu ba su kai gida ba. Jakar da muke zuba kayanmu in za mu dawo makaranta, daga nan ta samo sunanta. A watan Maris na 2025 kuma aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da ke kan hanyar komawa Kano yin Salla. Su ba su ma tsallake iyakar ƙasa ba, baƙunta kaɗai ta ishe su. Sannan mu tambayi kanmu: mai ga-ruwan da ke kawo mana jarka a gidajen haya, ko mai gadin shagunan bakin get, wanda ya zo daga wani ƙauye a Maraɗi ko Tawa, in aka wayi gari ya mutu, mu nawa ne muka san cikakken sunansa da garinsu?

Akwai hujja ɗaya da nake girmamawa, ita ce ta mai cewa zaman ma kisa yake yi. Wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ko wanda ya shekara biyar da takardar HND a ƙarƙashin katifa, ba ka isa ka tsorata shi da labarin hamada ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma ci-rani gadonmu ne: zangunan Kumasi da Accra, da unguwannin Hausawa a Sudan, duk masu tafiya ne suka kafa su. Shi ya sa ban ce kowa ya zauna ba. Abin da na ƙi shi ne mutum ya yanke shawara da rabin labari. Wanda ya dace yana turo hoto a jikin mota. Wanda ya dawo hannu rabbana yana ɓuya don kunya. Wanda ya mutu ba ya magana. Mu kuma sai mu yi lissafi da hoton kaɗai, alhali ko ɗan ajin farko a sashen ƙididdiga ya san samfurin da aka tsame marasa sa'a daga cikinsa ba ya ba da amsar gaskiya.

Kuma rashin sanin yana da nasa nauyin a gida. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da mijinta ya ɓata sai ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Gado ba ya rabuwa, 'ya'ya ba su san ko marayu ba ne. Gawar da ba a ƙirga ba a Sahara, gida guda ne ya tsaya cak a Kano ko Katsina ko Damagaram.

Abu biyu nake nema daga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, kuma babu wanda ya kai kuɗin da ake kashewa a makon al'adu. Na farko, a shirya wa 'yan ajin ƙarshe zama guda kafin jarrabawa, a gayyato jami'an NAPTIP su yi bayanin yadda ake gane ejan na bogi da abin da ya kamata a gani a takardar kwangila, a kuma nemo mutum biyu ko uku daga cikin waɗanda aka dawo da su daga Libiya ko Aljeriya, in sun yarda, su faɗi abin da idonsu ya gani. Ba wa'azi muke so ba, labari muke so daga bakin mai shi.

Na biyu ya shafi furojet ɗinmu. Kowace shekara muna cika kabad ɗin sashe da bincike iri ɗaya da aka kwafo daga na bara, ƙura ta bi ta kai. Me zai hana 'yan ƙididdiga da 'yan aikin jarida da 'yan kwamfuta su haɗu, da amincewar malamai, kowa ya ɗauki mazaɓa ɗaya a ƙaramar hukumarsu, ya bi ta hannun masu unguwanni da limamai, gida-gida, tare da alƙawarin ɓoye sirrin iyalai? Tambayoyin ba su da yawa: wa ya tafi daga gidan nan cikin shekara goma da suka wuce, namiji ne ko mace, shekarunsa nawa, ta wace hanya ya bi, wa ya yi masa hanyar, ya dawo ko yana can, in ya rasu me aka ce ya kashe shi kuma wa ya faɗa, an ga takarda ko ba a gani ba. In kuma shiru ne, a rubuta garin da ya kira daga shi a karo na ƙarshe, da watan, da shekarar.